Kansar mafitsara da aikin roba: daga masana'antun Turai zuwa kasuwannin Damargu

Kansar mafitsara, wadda wasu ke kira sankara ko ciwon daji na mafitsara, tana cikin nau'o'in kansa na farko da likitoci suka tabbatar cewa sana'ar mutum na iya jawo masa. Tun shekarun 1980 cibiyar binciken kansa ta hukumar lafiya ta duniya, wato CIRC mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya aikin masana'antar roba a rukuni na 1, rukunin abubuwan da babu sauran shakka cewa suna haddasa kansa ga ɗan Adam. A 2012 ta sake tabbatar da wannan hukunci, tare da ambaton gaɓoɓin da abin ya shafa: mafitsara, huhu, tumbi, da kansar jini da ta kaluluwa.

A ƙaramar hukumar Tenhiya, can arewacin gundumar Tanut, cikin yankin makiyaya da ke iyaka da jihar Agadas, babu masana'antar roba ko ɗaya. Haka ma a Belbeji, wadda aka cire daga Tanut ta zama gunduma a 2011. Babbar masana'antar da Damargu ke da ita ita ce matatar mai ta SORAZ da ke ƙasar Olelewa, wadda aka buɗe a ƙarshen 2011, kuma aikinta tace ɗanyen mai ne. Duk da haka batun ya shafi yankin. Akwai ƴan ci-rani da suka yi shekaru a masana'antun wasu ƙasashe suka dawo gida, akwai masu cin abinci da tsohuwar taya a kowace kasuwa, sannan alamar farko ta wannan cuta, wato fitsarin jini, ta yi kama da ta tsargiya, cutar da mutanen karkara suka saba da ita har ba ta tayar musu da hankali.

Wace roba ake nufi

Hausa ta haɗa abubuwa biyu a kalma ɗaya. Bokiti da buta da kujerar biki roba ne, taya da tiyub da bel ɗin injin niƙa su ma roba ne. Faransanci ya raba su: na farko plastique, na biyu caoutchouc. Wannan bayani ya fi shafar na biyun, robar da ke miƙewa ta koma, wadda ake samu daga ƙaron itace, kamar a gonakin Kodebuwa da Laberiya, ko kuma a haɗa ta daga man fetur.

Ɗanyar roba ba ta da amfani sosai. Tana narkewa da zafi, tana sandarewa da sanyi. A 1839 Ba'amurken nan Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa ta da farar wuta tana yin ƙarfi ta daina danƙo, kuma a kan wannan dabara aka gina sana'ar gaba ɗaya. Daga baya masana'antu suka riƙa ƙara wasu sinadarai masu yawa: baƙin gari mai kama da kunkunniya don ƙarfi, mai don taushi, wasu don hanzarta dahuwa, wasu kuma don hana roba tsagewa idan rana da iska sun dake ta. A cikin waɗannan na ƙarshe masifar ta ɓuya. Da yawansu daga dangin sinadaran da masana ke kira amin aromatik ake yin su, dangin da ake haɗa garin rini na zamani da shi.

Mai tsaga itace yana tarar ƙaro a gona ba shi ne a bakin haɗarin ba. Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu awon garin sinadarai da zuba shi, masu tsayawa kan injin cuɗawa, masu aiki a gefen tukwanen dahuwa inda tururi ke tashi, da masu shara da gyaran injuna.

Yadda aka gano

Labarin ya faro ne daga masu rini. A 1895 wani likitan fiɗa na birnin Frankfut a Jamus, Ludwig Rehn, ya ba da rahoton ƙari a mafitsarar mutum uku cikin ma'aikata 45 da ke haɗa jan rini a wata masana'anta. Rehn ya ɗora laifin a kan sinadarin anilin, kuma sunan ya bi cutar shekaru da dama, alhali ainihin masu laifin ƴan uwansa ne da ke tafiya tare da shi. A 1938 Wilhelm Hueper, a Amurka, ya ba karnuka ɗaya daga cikinsu, beta-naftilamin, suka kamu da ƙarin mafitsara irin na ma'aikatan.

Yadda roba ta shigo cikin zancen ya zo ne ba zato. Wani masani ɗan Ingila, Robert Case, yana binciken masana'antun rini na ƙasarsa, sai ya nemi wani birni da ba a yin wannan aiki domin ya kwatanta. Ya zaɓi Bamingam. Da ya duba takardun asibitoci sai ya tarar da masu kansar mafitsara sun taru a sana'a ɗaya da ba wanda ya zarga, wato aikin roba. Sakamakon da ya wallafa a 1954 ya nuna cewa ma'aikatan da suka yi mu'amala da waɗannan sinadarai a masana'antun rini sun ninka sauran jama'a kusan sau 30 wajen kamuwa, kuma a wani ƙaramin rukuni na mutum 15 masu tace beta-naftilamin babu wanda ya tsira. A ɓangaren roba kuwa an bi sawun gubar har zuwa wani maganin hana tsagewa mai suna Nonox S na kamfanin ICI. Beta-naftilamin ɗin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, gurɓata ce kawai da ta rage wajen haɗawa, amma ta isa.

An janye Nonox S daga kasuwa a 1949. Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci a wannan fanni. An bi ma'aikatan wata masana'antar taya ta tsakiyar Ingila tsawon shekaru masu yawa, aka ga waɗanda suka yi aiki kafin 1949 sun ci gaba da kamuwa kusan ninki biyu na abin da ake tsammani, har cikin tsufansu, yayin da waɗanda aka ɗauka daga 1950 ba su wuce sauran jama'a ba. Cire gubar ya kare sababbin shiga, bai wanke waɗanda ta riga ta ratsa jikinsu ba. Sai a 1967 Ingila ta haramta sinadaran da doka, kuma a 1972 kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora wa ICI alhakin cutar wasu ma'aikata biyu na kamfanin taya na Dunlop, bisa hujjar cewa ya san haɗarin kayansa tun kafin ya janye shi.

Wanda ya ɗauka cewa zancen ya mutu da wancan zamani ya yi kuskure. A garin Niyagara Fols na Amurka, wata masana'antar Goodyear tana haɗa maganin hana tsagewar taya tun 1957 da wani sinadari na wannan dangi, orto-toluwidin. Ƙungiyar ƙwadago ce ta lura da yawan masu ciwon ta nemi a yi bincike a 1988. Rahoton da ya fito a 1991 ya ƙirga mutum 13 masu kansar mafitsara cikin ma'aikata 1.749, inda lissafi ke cewa bai kamata su kai huɗu ba, kuma daga baya adadin ya kai 50. A ƙarshen 2015 an sake ganin irin haka a wata masana'antar sinadarai ta lardin Fukuyi a Japan. Yau orto-toluwidin yana rukuni na 1, haka ma MOCA, sinadarin da ake daskarar da wata irin roba mai suna foliyuretan da shi.

Me ya sa mafitsara

Mutum zai yi tsammanin abin da aka shaƙa huhu zai ci, abin da aka taɓa kuma fata. Waɗannan sinadarai suna shiga ta hanyoyin biyu, kuma a masana'antu da yawa fata ce babbar ƙofa, musamman idan akwai zufa da tufafin da suka jiƙe da kayan aiki. Daga nan jini ya kai su hanta. Hanta tana sauya su domin jiki ya iya fitar da su, sai dai cikin wannan sauyi ne wani sashe ke zama guba mai kama ƙwayoyin halitta. Ƙoda ta tace ta zuba a mafitsara, inda fitsari ke kwana awowi yana jiƙa shimfiɗar cikinta. Kowace rana ɓarnar kaɗan ce. Tarinta ne ke zama ƙari.

Abubuwa biyu suna fitowa daga wannan bayani. Na farko, jinkiri. Tsakanin fara aikin da bayyanar cutar akan ɗauki shekaru 15 zuwa 40, galibi wajen 20. Saurayin da ya shiga masana'anta yana da shekaru 25 zai iya ganin jini a fitsarinsa yana da 55, yana zaune a ƙauyensu, ya manta ma da sunan unguwar da ya yi aikin. Na biyu, duk abin da ke sa fitsari ya yi kauri ya daɗe a ciki yana ƙara wa gubar lokacin aiki. A ƙasar da rijiya ke da zurfi da nisa, inda mutum ke wuni a rana da ɗan ruwan da bai taka kara ya karya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma bambancin halitta: hantar wasu mutane ta fi ta wasu jinkirin kashe waɗannan sinadarai, abin da ake gada daga iyaye, shi ya sa mutum biyu za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira.

Hayaƙin taba sigari yana ɗauke da beta-naftilamin ɗin nan da wani ɗan uwansa. A ƙasashen da aka yi ƙididdiga, taba ce ke da alhakin kusan rabin kansar mafitsara, sana'a kuma tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, galibi a maza. Ma'aikacin roba mai shan taba yana ɗaukar guba iri ɗaya daga wuri biyu. A duniya baki ɗaya, ƙiyasin CIRC na 2022 ya ba da sababbin masu kamuwa sama da dubu 600 a shekara, da mutuwar kimanin dubu 220, kuma maza sun ninka mata wajen sau uku zuwa huɗu.

Waɗanda abin ya shafa a Damargu

Rukunin da ya fi kusa da abin da littattafan likita suka bayyana su ne tsofaffin ƴan ci-rani. Mutanen Damargu sun daɗe suna tafiya Najeriya da Libiya da Aljeriya neman kuɗi bayan kaka. Mafi yawansu gadi, gini, lambu, dako ko kiwo suke yi, amma duk wanda ya taɓa aiki a inda ake cuɗa roba da dafa ta, ko inda ake haɗa fenti da garin rini, ya shiga wannan lissafi. A Kano, unguwannin masana'antu na Sharaɗa, Bompai da Challawa sun ƙunshi masu yin takalma da kayan roba da majemun zamani. A kudancin Najeriya kamfanin Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Legas a 2008. Idan aka auna da jinkirin da cutar ke yi, waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan wurare a shekarun 1990 yanzu ne suke cikin lokacin da ya kamata a sa musu ido. Leburan rana, wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, shi aka fi ba aikin shara da ɗaukar buhunan gari, kuma shi ne wanda ba likitan kamfanin da zai neme shi.

Rukuni na biyu ya fi yawa, kuma a nan dole a rarrabe. Tsohuwar taya ba ta mutuwa a Damargu. Ana yanka ta a yi takalman da makiyaya ke sawa saboda ƙaya da zafin rairayi, a yi kwamin shayar da dabbobi da igiyar ɗaurin kaya. Tiyub ɗin babbar mota ya zama guga a bakin rijiya, ya zama salkar da jaki ke ɗauka. Hukuncin CIRC ya shafi aikin ƙera roba ne a masana'anta, bai haɗa da amfani da kayan da aka riga aka gama ba. A dafaffiyar taya yawancin sinadaran sun riga sun ɗaure cikin jikinta, don haka mai yanka ta da wuƙa a sanyi, ko mai jan ruwa da gugar tiyub, ba a sahun ma'aikacin masana'anta yake ba. Ba hikima ba ce a tsorata makiyayi da salkarsa a inda ƙishirwa ce ta fi kusa da shi.

Zafi ne ke sauya lissafin. Mai faci da ke goge tiyub, ya shafa sholisho, ya ɗora ɗanyar roba ya danne ta da ƙarfe mai wuta a kai, dahuwar masana'anta yake yi a taƙaice, fuskarsa a kan tururin. Abin da ke rage masa shi ne aikin kaɗan ne kuma a fili yake yinsa, inda iska ke ɗauke hayaƙin. Sholisho kansa matsala ce ta daban: sinadaran da ke sa shi saurin bushewa sun fi taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma benzin, wanda aka daɗe ana amfani da shi a gam ɗin roba, kansar jini yake jawowa.

Mafi muni shi ne ƙona taya. Ana yin haka don a ciro wayar da ke ciki a sayar, don narka kwalta, kuma a mahautu da dama na Afirka ta Yamma don babbakar kai da ƙafafu da fata. Baƙin hayaƙin taya cike yake da wani dangin sinadarai da ake kira HAP a taƙaice da Faransanci, irin waɗanda ke cikin kwaltar gawayi, kuma an tabbatar da alaƙarsu da kansar mafitsara a wasu sana'o'i, kamar narka sanholo. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta hana sa man da ke da yawan waɗannan sinadarai a sababbin tayoyi daga 1 ga Janairun 2010, amma tayar da ke ƙarewa a kasuwar Tanut ko Belbeji ba lallai ta bi wannan ƙa'ida ba, ko don tsufanta ko don inda aka ƙera ta. A 2022 CIRC ta sanya aikin ƴan kwana-kwana a rukuni na 1, kuma mafitsara na cikin gaɓoɓin da ta ambata. Su ma hayaƙin ƙonannun kaya ne abincinsu na kullum. Yaron da ake sa wa ya tsaya kan wutar taya tun yana shekara goma sha biyu yana da dogon lokaci a gabansa da cutar za ta nuna.

Masu fenti suna rukuni na 1 su ma, kuma saboda mafitsara da huhu. Marinan da suka bar baba suka koma garin rini na kanti, da dukawan da ke rina fata da shi, ya kamata su san cewa wasu launuka da ake haɗawa daga benzidin suna komawa benzidin a cikin jiki. Rini da hannu tsirara har gwiwar hannu, yadda aka saba, hanya ce buɗaɗɗiya.

Inda tsargiya ke rufe ido

A 1851 likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira tsutsar da ke jawo tsargiya, shi ya sa ake kiran cutar bilarziyoz a takardun asibiti. Tsutsar tana rayuwa ne tsakanin mutum da wata ƙaramar katantanwa ta ruwan kwance. Yaro ya yi wanka ko ya shayar da dabbobi a tafki, ta huda fatarsa, ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwanta ya riƙa yaga bangon yana fita da jini. Nijar ta ƙaddamar da shirin ƙasa na yaƙi da ita a 2004, ana raba ƙwayar prazikwantel musamman ga ƴan makaranta. Cutar ta fi ƙarfi a bakin kogin Isa da wuraren noman rani, amma tafkunan damina na yankin makiyaya ma suna iya riƙe ta, kuma makiyayin da ke gangarawa kudu da rani yana shiga ruwaye iri-iri.

Matsalar ta kasu biyu. Tsargiyar da ta daɗe ba magani ita kanta tana jawo kansar mafitsara, CIRC ta tabbatar da haka tun 1994, kuma irin kansar da take jawowa takan zo da wuri, tun mutum yana shekaru arba'in zuwa hamsin, takan kuma ci tsoka da sauri. Sannan sabo da ita ya sa fitsarin jini ya zama abin da ba a kai wa likita. A wasu ƙauyuka ana ɗaukarsa alamar balaga ga yaro namiji. Babba kuma idan ya gani sai ya ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa, ko zafin rana, ko ciwon sanyi, ya nemi jiƙo ko ya sayi ƙwaya wajen mai tebur. Jinin ya ɗauke da kansa bayan kwana biyu, kamar yadda na kansa ke yi, sai a yaba wa maganin.

Akwai bambancin da ke taimakawa, ko da yake ba ya maye gurbin gwaji. Jinin tsargiya ya fi zuwa a ƙarshen fitsari, ɗigo kaɗan, sau da yawa da zafi, kuma a yara da matasa. Na kansa yakan rina fitsarin gaba ɗaya, wani lokaci da gudaji, galibi ba zafi ko kaɗan, ya zo ya tafi ya dawo bayan makonni ko watanni, kuma a mutumin da ya haura arba'in. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Wasu kuma da yawan fitsari suke farawa, ko matsuwa da zafin da maganin ciwon sanyi bai kawar ba. Ciwon ƙugu, rama da kumburin ƙafa alamun cutar da ta yi nisa ne. Tsakuwar ƙoda da kumburin prostat su ma suna kawo jini, don haka jini ba hukuncin kansa ba ne, dalilin zuwa gwaji ne. Ga mace da ta daina haila, duk jinin da ta gani ya cancanci a duba ta.

Gwaji da magani

Matakin farko yana yiwuwa a cibiyar lafiya ta CSI: ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari yana nuna jinin da ido ba ya gani. A asibitin gunduma ana iya neman ƙwan tsargiya da madubin likita, a kuma ɗauki hoton eko na mafitsara da ƙoda. Ƙa'idar da likitocin fitsari ke bi ita ce: babba mai fitsarin jini, ko an samu ƙwan tsargiya an ba shi prazikwantel, idan jinin ya dawo ko hoto ya nuna wani tsiro, a tura shi gaba. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne leƙa cikin mafitsara da siririn bututu mai fitila ta mafitar fitsari, a yanko ɗan nama a auna. Wannan aikin babban asibiti ne, kuma ga mutumin Tenhiya yana nufin Tanut tukuna, sannan kilomita wajen 150 zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram.

Idan ƙarin yana saman shimfiɗa bai shiga tsoka ba, ana kankare shi ta cikin bututun ba tare da an tsaga ciki ba, wani lokaci a riƙa zuba magani a mafitsarar, har da BCG, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, wanda aka fara amfani da shi ta wannan hanya a 1976. A ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, kusan kashi uku cikin huɗu na masu cutar a wannan mataki ake kama su, kuma yawancinsu suna rayuwa shekaru masu yawa. Sai dai ƙarin yana da halin dawowa, dole a riƙa komawa ana leƙawa. Idan ya shiga tsoka, magana ta koma cire mafitsarar ɗungurum, da ƙarin ruwan maganin kansa ko gashi da haske. Gashin yana Yamai, a cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, inda aka fara shi a 2021. Tazarar da ke tsakanin mataki na farko da na biyu, a kuɗi da wahala da tsawon rai, ita ce watannin da ake ɓatawa ana cewa tsargiya ce.

Akwai tambayar da ba ta cin ko dala, kuma ita ce aka fi mantawa a ɗakin duba marasa lafiya: wane aiki ka taɓa yi? Idan aka tambayi dattijo sana'arsa zai ce noma ko kiwo, domin shi yake yi yanzu. Sai an tambaye shi inda ya yi ci-rani, shekara nawa, da abin da hannunsa ke taɓawa, sannan masana'antar za ta fito.

Kariya da haƙƙi

Tarihin Ingila ya nuna cewa abin da ya yi aiki da gaske shi ne cire gubar daga wurin aiki, takunkumi da safar hannu suna biye ne a baya. A ƙaramar sana'a ma haka ne. Babbaka da itace ko iskar gas maimakon taya ta fi kowane ƙyalle da za a ɗaura a hanci. Mai faci ya tsaya ta inda iska ke fitowa, kada ya yi aikin wuta a cikin rufaffen shago. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, ba da fetur ko kananzir ba, domin su ƙara buɗe fata suke yi. Kayan aiki a cire su a wurin aiki, a wanke su daban da na iyali. Barin taba kuwa yana rage haɗarin ko a wace shekara aka bari.

Ta fuskar doka, yarjejeniya mai lamba 139 ta hukumar ƙwadago ta duniya, ta 1974, ta tanadi a maye gurbin sinadarai masu jawo kansa, a kuma ci gaba da duba lafiyar ma'aikaci har bayan ya bar aikin. A Faransa, jadawali na 15 ter na cututtukan sana'a ya amince da ƙarin mafitsara da ya bayyana har shekaru 30 bayan rabuwa da sinadarin. A Nijar, dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa, asusun CNSS kuma shi ke biyan diyyar haɗarin aiki da cututtukan sana'a ga waɗanda aka yi wa rajista. A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce, ƙarƙashin asusun NSITF.

Duk waɗannan da takarda suke aiki. Mai faci na bakin tasha da yaron mahauta ba su da rajista, kuma ɗan ci-ranin da ya yi aiki a wata ƙasa da sunan wani ko ba kwangila ba shi da abin nunawa. Wanda ke da katin ma'aikata, takardar albashi, lambar asusu ko takardar sallama, ko da kamfanin ya rufe, ya adana su tare da takardun gida, domin ranar da za a buƙace su tana iya zuwa bayan shekaru talatin. Wanda ba shi da ko ɗaya zai iya sa a rubuta masa sunan masana'antar, garin, shekarun da ya yi da irin aikin a cikin karnen asibitinsa, inda duk likitan da ya buɗe zai gani.